Yadda Ɗalibi Mai Lalura Zai Nemi Izinin Zama da Dabbar Kwantar da Hankali a Masaukin Jami'a a Amurka

Kusan duk jami'ar da ke da ɗakunan kwanan ɗalibai a Amurka tana da sharaɗi guda a cikin yarjejeniyar da ɗalibi ke sa wa hannu kafin a ba shi makulli: ba a ajiye dabba a ɗaki, in ban da 'yan kifaye a ƙaramin mazubi na gilashi. Sai dai wannan sharaɗi yana da togaciya, kuma dokar ƙasa ce ta tilasta ta, ba alfarmar jami'a ba ce. Ɗalibin da ke fama da wata lalura, musamman ta ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa mai tsanani, ko fargabar da ke hana barci da shiga jama'a, ko firgicin da ke bin mutum bayan ya tsira daga wani bala'i, yana da damar neman a bar shi ya zauna da dabbar da ke rage masa raɗaɗin abin da ke damunsa. Ita ce dabbar kwantar da hankali, wadda takardun jami'o'i ke taƙaita sunanta da ESA.

Wannan bayani na ɗalibanmu ne da ke karatu a can ko suke shirin tafiya, da iyayen da ke ɗaukar nauyinsu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, izinin ya dogara ne a kan abu biyu: lalura ta gaskiya wadda likitan da ya san ka zai iya tsaya mata, da kuma ikon kula da rai a cikin ɗan ƙaramin ɗakin da wataƙila ba kai kaɗai ke kwana a cikinsa ba. Wanda ya cika na farko ya gaza na biyu zai sami takarda, amma ba zai sami sauƙin da ya je nema ba.

Inda haƙƙin ya samo asali

Tushen maganar shi ne dokar adalci a harkar gidaje ta 1968, wato Fair Housing Act, wadda aka yi wa gyara a 1988 aka shigar da masu nakasa cikin waɗanda aka hana a nuna wa wariya. Dokar ta wajabta wa mai gida ya sassauta ƙa'idojinsa gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, idan sassaucin ne zai sa mai lalura ya ji daɗin muhallinsa kamar kowa. Akwai kuma sashe na 504 na dokar Rehabilitation Act ta 1973, mai hana nuna wa masu nakasa wariya, wanda ya hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma kusan dukkan jami'o'in ƙasar suna karɓa. Waɗannan dokoki ba su ware ɗan ƙasa daga baƙo ba, saboda haka ɗalibin da ya shiga da bizar karatu daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana cikin waɗanda suke karewa.

An daɗe wasu jami'o'i suna ganin ɗakin kwanan ɗalibai ba gida ba ne a idon doka, tunda ɗalibi baƙo ne mai wucewa. Shari'ar Jami'ar Nebraska da ke Kearney ce ta warware wannan. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai jami'ar ƙara a 2011 bayan ta hana wata ɗaliba mai ciwon fargaba zama da ɗan ƙaramin karenta, a 2013 kotun tarayya ta yanke cewa masaukin ɗalibai gida ne kuma dokar ta hau kansa, a 2015 kuma aka sasanta a kan dala 140,000 ga ɗalibai biyu. Jami'ar Kent State da ke jihar Ohio ita ma ta amince ta biya dala 145,000 a 2016 a kan irin wannan magana, sannan tun a 2013 Jami'ar Grand Valley State a Michigan ta biya dala 40,000 ga wata ɗaliba a kan ɓeran Masar da aka hana ta ajiyewa. Bayan waɗannan shari'o'i ne jami'o'i suka zauna suka rubuta ƙa'idojin da ake aiki da su yau.

Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane, HUD, ta fitar da takardun jagora a 2013 da kuma Janairun 2020 a kan yadda za a duba irin wannan buƙata, kuma mafi yawan ƙa'idojin jami'o'i a kansu aka gina su. A watan Satumba na 2025 ma'aikatar ta janye waɗannan takardu. Dokar majalisa da hukunce-hukuncen kotu suna nan daram, amma janyewar ta sa ya zama wajibi ka karanta ƙa'idar jami'arka ta shekarar da kake ciki, kada ka dogara da abin da wani ɗan uwa da ya gama karatu shekaru uku da suka wuce ya gaya maka.

Dole ne kuma ka bambance wannan dabba da karen da aka horar don hidimar mai nakasa, kamar karen da ke yi wa makaho jagora ko wanda ke faɗakar da mai farfaɗiya. Shi wannan yana ƙarƙashin dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990, wato ADA, yana shiga aji da ɗakin karatu da ɗakin cin abinci tare da mai shi, kuma tambaya biyu kawai aka yarda ma'aikaci ya yi a kansa: shin saboda nakasa ake buƙatarsa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi. Dabbar kwantar da hankali ba ta buƙatar horo, zamanta kusa da kai shi ne aikinta, don haka iyakarta ɗakinka da hanyar fita waje. Kada ka shiga da ita lacca, kuma kada ka sa mata riga mai rubutu don a ɗauka mai horo ce, domin jihohi da yawa sun mai da wannan laifi.

Fara da likita, ba da dabba ba

Matakin farko shi ne ganin mai ilimin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne ɗalibanmu suka fi tsayawa. Mun taso a inda ake yawan ɗaukar ciwon damuwa a matsayin raunin tawakkali ko shagwaɓa, wani lokaci ma a jingina shi ga iskoki, sai yaro ya yi wata da watanni ba ya barci, ba ya iya tashi zuwa aji, amma yana jin kunyar ya taka ƙafarsa zuwa cibiyar ba da shawara ta jami'a. A ganina wannan kunya ta fi rashin dabbar illa nesa ba kusa ba. Neman magani ba ya warware addu'a, kuma bayananka na wannan cibiya sirri ne wanda ba a miƙa wa malamanka ko iyayenka haka kawai. Idan abin ya kai ga tunanin cutar da kai, kada ka jira wata takarda: lambar wayar agajin masu irin wannan tunani, wato 988, tana aiki dare da rana a duk faɗin Amurka tun watan Yulin 2022.

Abin da doka ke kira nakasa shi ne lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa da ke tauye wani babban ɓangare na rayuwar yau da kullum sosai, kamar barci, ko tattara hankali, ko karatu, ko mu'amala da mutane. Kewar gida kaɗai ba ta kai nan ba, ko da yake kowa ya san zafinta a sanyin Disamba lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma a jihohin arewa. Saboda haka ka gaya wa likita gaskiyar halin da kake ciki, ba tare da ƙari ko ragi ba, ka bar shi ya auna ko dabba tana cikin abin da zai taimake ka. Binciken da aka yi a kan amfanin waɗannan dabbobi bai yi yawa ba tukuna. Wani ƙaramin nazari na Jami'ar Toledo da aka wallafa a 2021, a kan mutum 11 masu fama da taɓuwar lafiyar ƙwaƙwalwa, ya nuna raguwar damuwa da fargaba da kaɗaici bayan shekara guda da dabba, amma mutum 11 ba su isa a kafa hukunci a kan kowa ba. Dabbar ƙari ce a kan magani da zaman shawara, ba ta maye gurbinsu.

Takardar da likita zai rubuta ita ce ginshiƙin buƙatarka. Ya kamata ta fito a kan takarda mai tambarin asibiti ko ofishinsa, da kwanan wata, da lambar lasisinsa, ta tabbatar da cewa yana duba ka, cewa kana da lalurar da ke tauye maka wani ɓangare na rayuwa, sannan ta bayyana alaƙar da ke tsakanin dabbar da sauƙin da kake samu. Wannan alaƙa ita ce ma'aikatan jami'a suka fi dubawa. Jimla irin ta "kyanwa za ta sa shi farin ciki" ba ta da nauyi, amma idan likita ya rubuta cewa ciyar da dabbar safe da yamma yana tilasta maka tashi daga gado a ranakun da ciwon ke danne ka, ko cewa kwanciyarta kusa da kai tana gajarta firgicin da ke tashinka da tsakar dare, to ya ba su abin da za su riƙe. Ba dole ba ne a miƙa wa jami'a duk fayil ɗinka na asibiti.

Ka guji shafukan intanet masu sayar da shaidar rajista da katin shaida da riga a kan 'yan daloli bayan ka amsa tambayoyi na minti biyar. Babu wata rajistar gwamnati ta waɗannan dabbobi a Amurka, kuma takardar HUD ta 2020 ta faɗa ƙarara cewa irin wannan shaida ita kaɗai ba ta wadatar. Wasu jihohi sun ƙara ɗaure abin: a Kalifoniya, tun 1 ga Janairun 2022, sai likita ya yi aƙalla kwana 30 yana duba mutum kafin ya rubuta masa takardar kare. Ka kuma sani cewa cibiyoyin ba da shawara na jami'o'i da dama ba sa rubuta wannan takarda da kansu, sai dai su tura ka ga wani likita a cikin gari, don haka ka tambaya tun zuwanka na farko. Wanda tun a gida yake ganin likita, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, ya karɓi cikakken rahoto kafin ya tashi, wanda nasa ke cikin Faransanci kuma ya sa a fassara masa shi a hukumance. Rahoton zai taimaki sabon likitan ya san tarihinka da wuri, ko da jami'ar ta nace sai mai lasisi a jihar ya sa hannu.

Wace dabba, kuma daga ina

Doka ba ta taƙaita ka ga kare ba. Kyanwa, zomo, ɓeran Masar, ƙaramin tsuntsu da kifi duk suna cikin dabbobin da aka saba ajiyewa a gida, kuma buƙata a kansu ta fi saurin wucewa. Maciji ko biri ko akuya kuwa, sai ka kawo hujja mai ƙarfi a kan dalilin da ya sa sai su, kuma da wuya a amince a ginin da ɗaruruwan ɗalibai ke kwana.

Ga yawancin ɗalibanmu kyanwa ce za ta fi dacewa, kuma dalilin bai tsaya ga saba ido ba. Hadisi ya tabbatar da cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakaninmu, saboda haka hawanta kan darduma ba ya ta da hankalin mai salla. Maganar kare ta fi faɗi: a mazhabar Malikiyya jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke kwanon da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, a Shafi'iyya kuwa najasa ce mai kauri, sannan akwai hadisan da suka taƙaita ajiye shi ga farauta da kiwo da gadin gona. Wanda likita ya ba shi shawarar kare ya kai maganar ga malamin da ya yarda da iliminsa, ya bayyana masa cewa lalura ce. Ko an ajiye batun addini, kare yana buƙatar a fita da shi sau uku ko fiye a kullum, har da ranar da ƙanƙara ta rufe hanya da ranar jarrabawa, kuma haushinsa a ɗakin da bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci yana iya jawo ƙorafin da zai kai ga soke izinin.

Ka duba tsawon rai kafin ka duba kyau. Kyanwar da ke zaune a ɗaki takan kai shekara 12 zuwa 15, wata ma ta wuce, zomo yakan kai 8 zuwa 12, ɓeran Masar kuwa 5 zuwa 7, alhali digirin farko shekara huɗu ne, na biyu galibi biyu. Ka fi karkata ga babbar dabba wadda halinta ya riga ya bayyana, domin ɗan kyanwa ko kwikwiyo yana buƙatar kulawar da mai lacca da aikin gida ba shi da lokacinta, kuma ba a yi masa allurar haukan kare sai ya kai wajen wata uku. Gidajen kula da dabbobin da ba su da masu su suna nan a kusan kowane gari, kuma yawanci suna ba da dabba an riga an yi mata rigakafi an kuma yi mata aikin hana haihuwa.

Ɗauko dabba daga gida kuwa, ba na ba da shawararsa. Tun 1 ga Agustan 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ɗaure shigo da karnuka: sai kare ya kai wata shida, an saka masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, an cike fom na musamman, kuma da yake Najeriya da Nijar da Gana suna cikin ƙasashen da aka lissafa masu haɗarin ciwon haukan kare, sai ya sauka a filin jirgin da ke da wurin binciken dabbobi mai rajista, da sakamakon gwajin jini ko kuma killacewa ta kwana 28 da kuɗinka. Bayan haka, tun Janairun 2021 kamfanonin jiragen sama ba su da tilascin ɗaukar dabbar kwantar da hankali kyauta a cikin ɗakin fasinja, ana yi mata kuɗi da sharuɗɗa kamar kowace dabbar gida.

Miƙa buƙata

Ofishin da za ka nufa shi ne na kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman, ba ofishin rabon ɗakuna ba, kuma ba ɗalibin da aka naɗa mai kula da hawan benenku ba. Sunansa ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma kowace tana da shi. Ka aika musu da imel a taƙaice, ka ce kai ɗalibi ne mai lalura, kana neman sassauci a masauki don zama da dabbar kwantar da hankali iri kaza, kana roƙon fom da jerin takardun da ake buƙata. Doka ba ta hana ka nema a tsakiyar zango ba, amma jami'o'i da dama suna so buƙata ta iso kwana 30 zuwa 60 kafin ranar shiga ɗaki, domin su san inda za su sa ka da wanda za su haɗa ka da shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: ɗakunan mutum ɗaya da na hawan ƙasa kusa da ƙofar fita ba su da yawa, kuma masu nema da wuri ne ke samu.

Bayan takardar likita, za a nemi shaidar lafiyar dabbar daga likitan dabbobi, da katin allurar rigakafi, da lasisin gari idan dokar wurin ta tanadi haka, wani lokaci da hotonta. Za a kuma nemi suna da lambar wani mutum da ke zaune a wajen harabar jami'a wanda zai zo ya ɗauke ta idan an kwantar da kai a asibiti ko tafiyar gaggawa ta kama ka. Wannan sharaɗi yana ba baƙon ɗalibi wuya fiye da kowa, tunda iyayensa suna wata nahiyar, don haka ka fara neman wannan mutum tun yanzu a cikin 'yan ƙasarku mazauna garin, ko jama'ar masallaci ko coci, ko iyalin da jami'a ta haɗa ka da su, kuma ka tabbata gidan da yake haya ya yarda da dabba.

Sau da yawa akan kira ka a zauna a tattauna. Ka je da shirin bayyana yadda lalurar ke shafar zamanka a masauki da yadda za ka kula da dabbar a ranar da kake da lacca daga safe zuwa la'asar. Takardun jagorar HUD, kafin a janye su a 2025, sun ce ba su da hurumin su caje ka kuɗin ajiye dabba ko kuɗin ajiya na musamman saboda ita, kuma idan cikin dabbobin gida da aka saba da su take, ba za su ƙi ta don kawai irinta ko girmanta ba, sai sun dubi halin ita wannan dabbar da kanta. Abu guda da ba a yafewa shi ne shigo da ita kafin izini ya fito a rubuce. Yin haka saɓa yarjejeniyar masauki ne, yana jawo tara, kuma yana sa ma'aikatan da za su duba buƙatarka su fara kallonka da shakku.

Zama da ita

Izinin na dabba guda ne takamaimai, ba ya wucewa ga wata idan ka sauya, kuma wasu jami'o'i suna so a sabunta shi kowace shekara. Duk ɓarnar da ta yi, ko yagar katifa ko fitsari a kafet ko shigo da ƙuma, kai za ka biya. Ka ajiye akwatin yashin kyanwa a kan tabarmar roba nesa da inda kake salla da inda kake ajiye abinci, ka kwashe shi kullum, ka ƙulle a leda ka kai babban kwandon shara na waje, kada ka zuba a masai ko a kwandon banɗakin da kowa ke shiga. Idan za ka fita aji, yawancin ƙa'idoji sun ce a sa ta a keji ko a tabbatar ba za ta iya ficewa ba idan ma'aikacin gyara ya buɗe ƙofa. Ka ajiye kejin tafiya kusa da ƙofa, domin idan ƙararrawar gobara ta buga da ƙarfe biyu na dare, ba aikin kowa ba ne ya fito maka da ita.

Ɗakin ɗalibinmu yana da wasu abubuwa masu haɗari da ya kamata a ambata. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna lalata jinin kyanwa da kare, saboda haka ragowar miya da romo da kilishi mai yaji ba abincinsu ba ne, duk yadda suka tsura maka ido. Cakulan da inabi da zabibi suna cutar da kare, haka ma goro. Farasitamol, wanda ake sayarwa a can da sunan Tylenol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa, don haka kada ka taɓa ba ta maganin mutane, kuma ka kulle naka magungunan a aljihun tebur. Turaren wuta an riga an hana kunna shi a ɗakunan kwana saboda gobara, hayaƙinsa kuma yana illa ga huhun tsuntsu. Ka kuma yi lissafin aljihu da gaske, domin inshorar lafiyarka ba ta biyan likitan dabbobi, kuma mai bizar karatu ta F-1 ba ya wuce awa 20 na aiki a mako a cikin harabar jami'a lokacin karatu. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, kuma dabbar da ke kulle a hawa na huɗu ba ta da kowa sai kai.

Abokin ɗaki yana da nasa haƙƙi. Jami'a za ta sanar da shi cewa dabba na zuwa ba tare da ta faɗi lalurarka ba, amma ya fi kyau ya ji daga bakinka, ku yi magana a kan gadonsa da kayansa da warin da zai iya damunsa. Yana yiwuwa kuma kai ne a ɗaya ɓangaren, wato an haɗa ka da mai kare alhali kana da asma, ko gashin dabba yana sa maka atishawa da ƙaiƙayi, ko kuma zama da kare a inda kake salla ya yi maka nauyi. Kada ka yi faɗa da shi, kada kuma ka tambaye shi ciwon da ke damunsa. Ka rubuta wa ofishin masauki dalilinka a fili, da takardar likita idan na lafiya ne, ka nemi a raba muku ɗaki, domin abin da aka saba yi ke nan idan buƙatu biyu suka ci karo.

Jami'a tana iya ƙin amincewa ko ta janye izini idan dabbar ta ciji wani ko ta zama barazana ta zahiri, idan tana yin babbar ɓarna, idan ba ka iya sarrafa ta, ko kuma an ga ba a kula da ita. Idan aka ƙi ka, ka nemi dalili a rubuce, domin sau da yawa takardar likita ce ba ta bayyana alaƙar da ake nema ba, kuma gyara jimla biyu ya isa. Idan hakan bai yi ba, akwai hanyar ɗaukaka ƙara a cikin jami'a ta hannun jami'in da ke kula da bin dokar ADA da sashe na 504. A waje kuma kana da shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru don kai ƙorafi HUD, kwana 180 don kai shi ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Ilimi, da shekara biyu don shigar da ƙara a kotun tarayya. Ka adana kowane imel da kwanan watansa tun daga na farko.

Hutu shi ne inda shirin mutane da yawa ke rushewa. Ɗakunan kwana da dama suna rufewa daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, da kuma daga Mayu zuwa Agusta, kuma ba a yarda ka bar dabbar ta kwana ita kaɗai ko a hannun wani ɗalibi a cikin ginin ba. Idan kana da niyyar zuwa gida hutun bazara ko bikin aure, ka san tun kafin ka sayi tikiti wanda zai riƙe ta da abin da za ka biya shi, ko kuɗin gidan ajiyar dabbobi na kwanakin. Haka nan tun ranar da za ka karɓe ta ka tambayi gidan da ya ba ka ko suna karɓar dabbar da suka bayar idan mai ita zai bar ƙasar, domin da yawansu sun sa wannan a cikin yarjejeniyarsu. Idan kuma ka yanke shawarar komawa gida da ita bayan kammala karatu, ka fara shirin wata uku ko huɗu kafin tafiya: takardar lafiya daga likitan dabbobi wanda Ma'aikatar Noma ta Amurka ta amince da shi, izinin shigo da dabba daga hukumar ƙasarku, da kamfanin jirgin da zai yarda ya ɗauke ta har filin da za ka sauka, musamman idan akwai canjin jirgi a Turai ko Gabas ta Tsakiya, inda kowace ƙasa ke da nata sharuɗɗan wucewa.